Kan Ruwa a Mashigin Bungudu

Zan fara da neman afuwa. Abin da zan faɗa ya faru ne a shekarun saba'in, littattafan da na rubuta aikin a ciki kuwa gara ta ci wasu, wasu sun ɓace lokacin da aka raba jiha aka yi ta kwasar takardu daga wannan ofis zuwa wancan. Ƙwaƙwalwata kaɗai ta rage, ita ma ta tsufa. Mai yiwuwa na haɗa damina biyu na mai da su ɗaya, mai yiwuwa na sa magana a bakin wanda bai faɗe ta ba. Inda na tabbata zan ce na tabbata, amma wuraren ba su da yawa.

Samarin da ke zama a ƙofar gidana a Damba, nan Gusau, su suka tayar da maganar. Ɗayansu ya miƙo mini waya, wai in duba. A ƙasashen bakin teku akwai mutanen da wasansu shi ne hawa kan raƙuman ruwa da falankin katako, kuma akwai masu gaya musu tun saura kwana uku: ruwa zai yi tsayi kaza, iska za ta fito daga kaza, ku zo da hantsi, kada ku zo da yamma. Ya ce, "Baba, ashe irin aikinku ke nan? Ai danna waya ne kawai." Sauran suka yi dariya. Ban ji haushi ba, ko kuma ban ji sosai ba. Na dai ga ya kamata su san cewa an yi wannan aiki a nan, babu teku, babu waya, kuma mu da muka yi shi ba mu same shi da sauƙi ba.

Ga yadda abin yake. Gulbin da ya ratsa Gusau daga wajen gabas yake gangarowa, ya wuce mu, ya nufi Bungudu. Idan aka yi ruwa mai ƙarfi a ƙasar Tsafe, ƙoramu su kan tattaro shi su zuba a gulbi, ya taho a dunƙule. Goshin wannan ruwa shi muke kira kan ruwa. Ba ya sallama. Ana iya zama a Bungudu rana tsaka, sama tas babu ko gajimare, sai a ji shi yana tafe da itatuwa da karan dawa. Aikina shi ne in san zuwansa kafin ya zo, in san kuma irin iskar da zai tarar, in aika wa mutanen da ke cin abinci a bakin gulbi. Na gama jami'a ke nan aka turo ni, da takardar shaida da baƙin takalmi da tabbacin cewa a wata uku zan gyara komai.

Aikin farko da aka ba ni shi ne wanke kwalba. Malam Bawa, dattijon da na tarar a ofishin, wanda bai wuce elementare ba, shi ya miƙo mini ita. Kwalbar ma'aunin ruwan sama ce, mai mazurari a kai, wadda ake kafawa a fili nesa da bishiya da bango. Ya ce ƙadangare ya mutu a ciki, kuma gwamnati ba ta auna ƙadangare. Da na gama, ya nuna mini sauran kayan. Akwai ma'aunin iska mai kofuna uku a kan dogon ƙarfe, wanda sai an hau tsani an ɗiga masa mai, in ba haka ba ya riƙa cewa babu iska alhali hularka ta tashi. Akwai kibiyar da ke nuna inda iskar ta fito. Akwai katako mai lambobi da aka manna a gindin gada, wanda ake karanta tsayin gulbi da shi safe da yamma. Sai agogo, da littafi, da babur ɗin ofis mai tashi idan ya ga dama.

Waɗannan duk na san su a takarda. Abin da ban sani ba shi ne abin da Malam Bawa yake yi a kan gada. Yakan jefa kara a ruwa ya bi shi da ido yana motsa leɓe, ya ce yau gulbi na sauri. Yakan dubi launin ruwan ya ce wannan jan na Tsafe ne, wancan baƙin na kusa ne, ba zai daɗe ba. Kumfa ma yana da abin da take gaya masa. Na tambaye shi a wane littafi aka rubuta haka.

Ya ce, "Sai ka rubuta, Malam. Kai anka kai makaranta."

Muna da mai karanta kwalba a Tsafe, Malam Ango, wanda kowace safiya yake rubuta lambar ruwan da aka yi a 'yar takarda ya ba direban motar farko ya kawo mana. Ranar da na fara karɓar takardar na buɗe ta da sauri, Malam Bawa ya riƙe mini hannu. Ya ce kafin in karanta takarda in fara duba tayar motar da ta kawo ta. Na ɗauka zolaya ce irin ta tsofaffin ma'aikata. Wataƙila rabinta zolayar ce.

Masu jiran labarinmu iri-iri ne. Akwai masu ɗibar yashi da jakuna, da masu wanki da ke shanya a tsakiyar gulbi, da masu lambu a fadama. Amma waɗanda ransu da na wasu ke rataye da maganarmu su ne masu fito a wani mashigi kusa da Bungudu. Babu kwalekwale a wurin. Da masaki ake fito, wato ƙatuwar ƙwarya wadda mutum biyu ba sa haɗa hannu a kewayenta sai da ƙyar. Mai ƙetarewa ya zuba kayansa da tufafinsa a ciki, ya rungume ta ta gefe ɗaya, ɗan fito ya rungume ta ɗaya gefen yana iyo da ƙafa har su kai gaci. Idan ruwa ya yi ƙasa, dogon namiji kan iya ketawa da ƙafa, ruwa iya wuya. Mata da tsofaffi da masu kaya kuwa sai masaki. Iska ta fi damun masaki fiye da yadda za ku zata. Idan ta bi ruwa, sai ta kai ku ƙasa da inda kuka nufa. Idan kuwa ta tare shi, kamar yadda iskar yamma ke yi da damina, sai ruwan ya tashi raƙuma-raƙuma yana faɗawa cikin kayan mutane.

Shugabansu shi ne Sarkin Fito Labbo, gajere mai faɗin ƙirji, wanda ban taɓa ganinsa da busasshen wando ba. Sanarwata ta farko shafi biyu ce. Na bayyana abin da ake sa rai, da abin da zai iya hana shi, da abin da zai iya hana mai hanawar. Wani tela a bakin kasuwa shi ke karanta musu boko. Mako na zagayowa na je da kaina in ji yadda aka karɓe ta.

Labbo ya ce, "Malam, mun gode da wasiƙa. Tela ya karanta har ya sha ruwa ya ci gaba. Amma ba mu ji wurin da kac ce ruwa na zuwa ko ba shi zuwa ba."

Na ce ai ilimin bai kai a yanke haka ba.

Ya ce, "To in ya kai, ka aiko muna."

Daga baya na gano tela ya samo wa kansa hanya. Yakan karanta takardata a zuci, ya ninke, ya ce "ya ce akwai" ko "ya ce babu." Duk wata "mai yiwuwa" da na ɓata dare, a'a, na ɓata safiya ina jerawa, a teburin ɗinki take ƙarewa. Na yi ƙorafi, tela ya ce shi sana'arsa ke nan, rage abin da ya yi yawa.

Su kuwa 'yan fiton masu jini a jika, bukatarsu daban ce. Su kan ruwan suke so. Kowannensu yana da gora babba da ya toshe bakinta, kuma idan kan ruwa ya zo ya tarar da iskar yamma, sai su kwanta a kan gorunan su faɗa masa, ya ɗauke su yana ɗagawa yana saukewa har bayan gari, su dawo a ƙasa suna gardamar wanda ya fi daɗewa a sama. Magidanta ne, wasu da 'ya'ya uku. In sun gan ni sai su ce, "Malam, yaushe za ka aiko muna da babba?" Kun ga ke nan masu falankin katako ba su riga kowa ba.

Sai shekarar fari ta zo. Ba zan tsaya bayaninta ba, iyayenku sun sani. A wajen aikinmu dai, na yi watanni ina zuwa gindin gada safe da yamma ina karanta katakon da ruwa bai taɓa ba, ina rubutawa, domin doka ba ta ce a daina ba. 'Yan fito suka kife masakansu suka tafi neman abinci kudu. Malam Bawa ya ajiye aiki a ƙarshen shekarar, ya ce ya gaji da auna rana.

A Tsafe kuwa wani abu ya faru wanda ban sani ba sai bayan shekara biyu, amma gara in faɗa muku yanzu don ku fi ni gane abin da ya biyo baya. Mutanen unguwar Malam Ango suka fara magana. Suka ce tun kakanni ruwa na sauka ba wanda ya tare shi da kwalba ya ƙidaya, yanzu an fara yi wa kyautar Allah awo, ga shi ta tsaya. Ba su yi masa rashin mutunci ba. Dattawa ne suka zo har zaure, suka gaisa, suka roƙe shi ya ɗan hutar da kwalbar. Malam Ango mutum ne mai kunya. Ya tuge ta, ya naɗe a tsohon zane, ya sa a rumbu. Kwana biyu da yin haka aka yi ruwa. To, ku gaya mini wanda zai iya sake fito da ita.

Bai daina aiko da takarda ba, domin shi mai riƙon amana ne. Kowace safiya yakan leƙa tsakar gida ya kimanta. Sai dai ba ya rubuta lamba babba, kada ya zama kamar yana ƙorafin ruwa ya yi yawa, kuma ba ya rubuta ƙarama, kada ya zama kamar ya raina. Kullum tsaka-tsaki. Ni kuwa a Gusau na zauna da lambobin nan na yi musu lissafi mai kyau, har na rubuta rahoto cewa a duk yankin babu inda ruwa ke sauka da tsari kamar Tsafe, na ba da dalilai uku na kimiyya. An yaba wa rahoton.

Ranar da nake son ba ku labari ta faɗo a damina ta biyu bayan farin, ranar kasuwar Bungudu. Motar Tsafe ta makara. Da ta iso na karɓi takarda, na ga lambar yayyafi mai ɗan ƙarfi, irin wadda na saba gani. Na rubuta sanarwa cewa bisa ga abin da ya iso ba a sa ran babban kan ruwa a ranar, ko da yake ba za a ce sam babu ba. Na ba motar Bungudu, ta tashi. Sai da ta ɓace na juyo na ga motar Tsafen da kyau. Jan taɓo ya kai har murfin ƙofa. Akwai ciyawa ɗanya maƙale a ƙarƙashinta, kamar an ja ta ta cikin ƙorama.

Na ce wa direban, "Yaya ruwa a Tsafe?"

Ya ce, "Ruwa ya yi gyara."

"Na sani. Ina nufin da yawa aka yi?"

"Alhamdu lillahi, Malam."

"Ya yi ɓarna?"

Ya dube ni kamar na zagi mahaifinsa. Ya ce, "Mu da munka ga bara waccan, mu ce ruwa ya yi ɓarna? Gyara ya yi." Na tambayi fasinjoji uku, kowa ya ce gyara. Wata tsohuwa da zanenta ke ɗiga ta ƙara da cewa katangar maƙwabcinta ta kwanta, amma dama ta tsufa.

Na gangara gindin gada. Katako bai nuna komai ba, ruwa na nan inda yake jiya. Kibiya na nuna iskar yamma, kofuna na gudu. A bisa ƙa'ida aikina ya ƙare: lamba ta ce babu, katako ya ce babu, takarda ta tafi. Abin da ke hannuna kawai taɓon mota ne da katangar da dama ta tsufa. Na hau gada na sauko, ina jin sau uku. Na san mutanen ƙetare sun riga sun shigo kasuwa da safe, kuma daga azahar za su fara komawa da kaya, layi guda, har la'asar sakaliya. Na buga babur, ya tashi a bugu na farko, abin da bai taɓa yi ba. Na wuce Furfuri ina tsara yadda zan faɗi maganar ba tare da na ƙaryata takardata ba.

Na tarar da Labbo a bakin mashigi, masakai a jere, mutane sun fara taruwa.

Ya ce, "Malam, takardarka ta riga ka. Ta ce babu."

"Ba ta ce babu ba, Sarki. Cewa ta yi ba a sa rai, ko da yake…"

"To kai mi kac ce?"

Na fara bayanin tayar mota. Na kawo maganar iska. Na ce akwai alamun da, in an haɗa su, za su iya nuna cewa wataƙila lambar ba ta cika ba. Ya bar ni na yi nisa, sannan ya ɗaga hannu.

"Ga mutane nan, Malam. In na tsai da su, da bakinka na tsai da su. Shina zuwa ko ba shi zuwa?"

Na ce, "Zai zo."

"Yaushe?"

Ba ni da wani lissafi, tunda ban san lokacin da ruwan ya sauka ba balle yawansa. Amma wanda ya ce zai zo ba ya iya cewa bai san yaushe ba. Na ce, "Azahar."

Labbo ya sa aka janye masakai kan tudu. Aka yi azahar a kan yashi, aka shafa, aka juyo ana kallon gabas. Gulbi na tafiya a hankali kamar ba shi da inda za shi. Kasuwa ta ci gaba da turo mutane, masu buhu, masu tulu, masu akuya. A cikinsu akwai wata dattijuwa mai sayar da daddawa, Inna Hajo, wadda muryarta ta fi jikinta. Ta ce matar ɗanta na jego kwana biyar, ita ke dafa mata ruwan wankan yamma, kuma in ruwan nan bai dahu ba sai ta ji wanda zai amsa.

Aka nuna mata ni. Ta ƙare mini kallo tun daga takalmi.

"Wanga na? Da takarda ya ce babu, da baki ya ce akwai. To ɗana, ka yi shawara da kanka tukuna, mu mu wuce."

Labbo ya ce zai ƙara mini lokaci har inuwar ɗunyar da ke bakin mashigi ta taɓa wani dutse. Na zauna ina kallon inuwar. Ban taɓa sanin inuwa na sauri haka ba. A can ƙetare kuma wani dogon mutum ya iso da keke, da jar hula, ya tsaya yana ɗaga hannu a zo a ɗauke shi. Aka yi masa alama da ƙyalle cewa ya jira. Ya jingine keken ya tsuguna.

Inuwa ta taɓa dutse. Aka yi la'asar. Labbo ya zo ya ce, ba da faɗa ba, "Malam, na ba ka haƙƙinka. Saura nasu." Ya ce a sauko da masakai.

Na ce to ni ma zan ƙetare, kuma ina roƙon a fara da ni.

"Mi za ka yi ƙetare?"

"Aiki."

Baƙo ne ni kuma ma'aikaci, ba a hana ni farko. A mashigin nan akwai ƙa'idoji biyu da suka gada, waɗanda Labbo bai taɓa bari an taka ba. Ba a tura mutum sai shi da bakinsa ya ce, "Bismillah, tura," domin in an tura wanda bai ce ba wani abu ya same shi, alhakin na kan ɗan fito. Kuma masaki ba ya tsallake masaki: na baya ba ya tashi sai na gaba ya tashi, don kada a yi rigimar layi a cikin ruwa. Na tuɓe riga da takalmi, na sa su a masaki tare da littafina, na shiga ruwa da singileti har ƙirji, na rungume gefena. Ban iya iyo ba, kuma har yau ban iya ba. Labbo da kansa ya kama ɗaya gefen. Muka fuskanci juna, hancina kusa da nasa. Ya jira. Na yi shiru.

Ya ce, "Muna saurare, Malam."

A zuci kam na yi bismillah ta fi ɗari, amma a fili ban ce komai ba.

Can wani ya gane, ya ɗaga murya: "Jama'a, ɗan boko ya mance bismillah!" Wurin ya ɗauka. Wani ya ce a jami'a ake karɓe ta a ƙofa. Wani mai sayar da turare ya shigo ruwa har gwiwa ya ce zai biya mini, in bi shi a hankali: "Ce bis. Bis kawai, Malam, sauran mu cika maka." Inna Hajo tana bayana, ta riga ta zuba kayanta a masaki na biyu, tana cewa a ɗauke mata wannan abu daga hanya ko ta ɗauke shi da kanta. 'Yan fito suka dubi Sarkinsu. Ya girgiza kai. Ƙa'ida ce, kuma shi ya fi kowa tsare ta.

Ya matso da baki ya ce a hankali, "Ka san abin da kaka yi kuwa?"

Na ce, "Ban tabbata ba, Sarki."

Ya ce, "Na gani."

Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba. Agogona na cikin takalmi, takalmi na cikin masaki. Ni ina ganin awa guda ce, wasu sun ce ba ta kai rabi ba. Abin da na tabbata da shi, kuma nan ɗaya ne daga wuraren da na ce zan tabbata, shi ne Labbo ya riga ni sani. Na ga idonsa ya bar fuskata. Sannan na ji wani sanyi ya ratsa ƙafafuna, daban da ruwan da muke ciki. Kumfa ta wuce mu, sai ɗanyen kara, sai wani sauti daga gabas kamar manyan motoci a kan gada.

Labbo ya saki masaki ya yi tsawa: "Ku hau tudu! Ku bar kaya, ku hau tudu!" Ya damƙi singiletina ta baya ya ja ni kamar ɗan akuya. Muna taka yashi kan ruwa ya iso, ja wur, da wata bishiya sukutum a gaba. Inda na tsaya ɗazu ya zama tsakiyar gulbi. Iskar yamma ta tare shi, ya miƙe raƙuma-raƙuma. Kafin in gama tari, 'yan fito huɗu sun rungumi gorunansu sun faɗa, suna ihu, wai za su ceto masakin Sarki. Sun ceto shi kuwa, can bayan gari. Rigata na ciki da takalmi ɗaya. Littafin bai dawo ba. Ɗaya daga cikin 'yan fiton ya zo yana haki ya ce, "Malam, wanga shi na babba! Allah shi ƙara ilimi."

Kada ku zaci an ɗaga ni sama. Inna Hajo, wadda aka ja ta tudu da daddawarta a ka, ta tsaya a gabana ta ce, "Da ka bar mu tun azahar, da yanzu na dafa ruwana na zauna." Gaskiya ta faɗa, kuma ita ce matsalar. Da an fara fito da azahar, da na gaban layi duk sun isa gida lafiya. Na ƙarshen layi ne ruwan zai tarar a tsakiya. Amma da yake ba a yi fiton ba, babu wanda ya san ko shi ne na ƙarshe, kowa ya sa kansa a na gaba. Gulbi bai ƙetaru ba sai bayan kwana biyu, mutane suka kwana a gidajen dangi da zaurukan Bungudu suna ambatona.

Labbo ya ba ni aron wando busasshe, ban san inda ya samo shi ba. Da zan hau babur ya ce, "Ka ce azahar."

Na ce na yi kuskure.

Ya ce, "To. Gaba in za ka yi irinsa, ka taho da kanka."

A ofis an lissafa mini kuskure biyu a rana ɗaya: na rubuta babu alhali akwai, na ce azahar alhali bayan la'asar ne. Aka ƙara da tambayar inda littafin gwamnati ya shiga. Duka ukun daidai ne, na amsa su a rubuce. Mako na gaba na je Tsafe, Malam Ango ya fito mini da kwalba daga rumbu, a naɗe, ko ƙura babu, yana mai jin daɗin yadda ya adana ta. Muka kafa ta a bayan makaranta inda ba unguwar kowa ba ce. Rahoton nan nawa mai dalilai uku kuwa ban ji an janye shi ba.

Wannan shi ne aikin da kuke cewa danna waya ne. Mai yiwuwa yanzu haka ɗin ne, ban sani ba.

Saura roƙo. Duk wanda ya tsaya a mashigin nan a ranar, ko ya ji daga bakin wanda ya tsaya, ya taimaka ya aiko mini da gyara, ko a kan lokaci, ko a kan maganganun da na sa a bakin mutane. Amma abin da na fi bukata shi ne labarin mutumin nan mai keke da jar hula. Layin da na tare na wannan gaci ne, nasa gacin babu wanda ya tare. Dogo ne, irin masu ketawa da ƙafa su ɗora keke a ka, kuma ya daɗe yana jira. Lokacin da na shiga ruwa yana tsugune. Da aka ja ni tudu na waiwaya, babu shi babu keken. 'Yan fito sun ce ya gaji ne ya juya, kuma ban taɓa jin an yi cigiyar kowa ba. Sai dai babu wanda ya ce mini da idonsa ya ga juyawar tasa, domin a lokacin kowa ni yake kallo. Wanda ya san shi, ko ya san gidan da ya koma, ko gidan da bai koma ba, ya gaya mini yadda abin yake, kada ya rage komai.